Baƙin Tiyon Sabi'u da Randar Inna

Har ranar da ƙasa za ta rufe min ido, ba na jin zan manta da Talatar da ta biyo bayan bikin Rukayya, ƙanwar maigidana. Shekara huɗu ke nan, amma ko yau in abin ya faɗo min ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai in ji muciya ta yi min nauyi a hannu. Na daɗe ba na son a tayar da maganar, duk da cewa babu gidan da ba a san ta ba a unguwarmu (a Daura in kika ce kin ɓoye abu, to kanki kaɗai kika ɓoye wa). Yau dai na ce bari in faɗa da bakina, ko Allah Zai sa wata ta tsallake ramin da ni na faɗa da ƙafafuna biyu.

Bari in fara da gaya muku irin matar da na ɗauka ni ce a lokacin. Ni ce sarauniyar tsabta. Tun a sakandare ni ake sa wa duba farcen 'yan aji da ɗakin kwana, kuma na fito da sakamako mai kyau a darasin kiwon lafiya, abin da ban taɓa bari kowa ya manta ba a gidan surukaina. In na shiga kicin ɗin mace, kan tsumman goge tukunya idona yake fara sauka. Bakina ba ya cewa komai, amma fuskata tana faɗa. Allah Ya yafe min.

Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta raɗa min suna 'Yar boko. Da farko tsokana ce, daga baya ya zama sunan so. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku, saboda haka da aka kawo ni gidan nan ban san yadda ake zama kusa da uwa ba, Inna ce ta koya min. Ita ta yi min wankan jego har sau uku, ita ta riƙe min kai ranar da na yi ɓari. A lokacin ta haura saba'in, tana da ciwon suga, amma tsaye take sallarta, farilla da nafila, kuma babu dubiya ko gaisuwar mutuwa a unguwa da ba za ta taka da ƙafarta ta je ba.

Abu ɗaya ne ba a ja da ita a kansa, ruwan sha. Ba ta shan na leda, ta ce warin roba yake. Ba ta shan na firij, ta ce yana shiga mata haƙori. Randarta kawai, wata ƙatuwa da ke girke cikin yashi a ƙofar ɗakinta. Duk matan gidan kuwa ni kaɗai ta yarda in wanke randar nan, in cika ta, in jefa mata saiwar jema don ƙamshi. Ba ƙaramin ji da kai nake yi da wannan muƙami ba.

To, ana saura mako biyu biki, sai ga Sabi'u, ƙanin maigidana, da wata irin mota da ba mu taɓa gani ba. Shi sana'arsa sayar da motocin hannu da ake shigowa da su ta Nijar. Wannan karon abin da ya kawo, gida ne sukutum a kan taya: ga gado, ga murhu, ga ɗan firij, har da banɗaki mai masai na zama. Rabin unguwa sai da suka zo kallo. Inna ma aka riƙe mata hannu ta hau, ta leƙa ko'ina, ta tsaya a ƙofar banɗakin.

"Sabi'u, to in mutum ya yi, ina abin yake zuwa?"

"Akwai tanki a ƙasan motar, Inna. Can yake taruwa, in ya cika a je a zubar, a ɗauraye."

"Wato mutum ya yi bayan gida, kuma ya ɗauki kayansa ya ci gaba da yawo da shi gari gari? Allah Ya kyauta. Sauke ni."

Muka yi ta dariya. Sabi'u ya ci gaba da bayanin yadda ake zubarwa da yadda ake ɗaurayewa, yana buɗe wasu akwatuna a jikin motar, ni kuwa hankalina na kan labulen tagar, ina lissafin ko zai yi kyau a falona. Da kunne ɗaya na saurara, shi ma rabinsa.

Da biki ya zo gida ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma, sai aka sauki kawunnan amarya huɗu da suka zo daga Damagaram a cikin motar. Kwana uku suna ciki, suna ci suna sha, suna yin abin da mai ci da sha yake yi.

Ranar Asabar, ranar ɗaurin aure, wajen hantsi Inna ta kira ni. "'Yar boko, baƙi sun shanye min randa, ko na kurkure baki babu." Na leƙa, ta ƙafe ƙarƙaf. Famfon tsakar gida kuwa masu girki sun kewaye shi da tukwane, sun jona koren tiyonmu suna wanke shinkafa, ko kusa ba za ki je ba. Randar Inna bokiti takwas take ci. Ni kuma ga ni cikin sabon leshin anko, an ɗaura min ɗankwali tun safe, ba na son ko iska ta taɓa shi.

Sai na tuna da ɗaya famfon na bayan gida, kusa da ramin shadda. Na bi ta ƙofar baya. Ina zuwa na tarar da wani baƙin tiyo, mai kauri, dogo, sabo fil, a jone da famfon, ɗaya bakin yana yashe a ƙasa. Ƙasar wurin a jiƙe take, ga sawun manyan tayu. An riga an mayar da motar ƙofar gida, Sabi'u yana can zaune cikin maza.

Kada ku ce ban yi tunani ba. Na yi, wallahi na yi, na kamar daƙiƙa biyar. Zuciyata ta ce, je ki tambaya na mene ne. Sai wata zuciyar ta ce, yanzu ki nemo hijabi, ki ɓata ɗauri, ki ratsa maza ɗari don tambayar tiyo? Ke da kika san kan tsabta? Ta biyun na bi, don ta fi iya magana.

Na ɗauko omo da soso na wanke tiyon nan tun daga kai har ƙarshe, sai da ya yi ƙyalli. Na buɗe famfo na bar ruwa ya ɗan gudana. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. A Islamiyya an koya mana cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canja ba. Sai na tara hannu na duba, fari tas. Na kai hanci, ban ji komai ba (hancin da tun asuba yake cikin turaren wuta da ƙaurin albasa, ga guntun mura). Na ɗan taɓa a harshe, ruwa ne. Na ce alhamdu lillahi, boko ta yarda, Islamiyya ta yarda. Na ja tiyon ta ƙofar baya har bakin randa, na tsaya ina kallo tana cika, ko ɗigo bai taɓa leshina ba. Na jefa sabuwar jema, na rufe da faifai. Na naɗe tiyon tsaf na rataye a sito kusa da buhun gero, wai don kada a sace wa mai shi a cikin hayaniyar biki.

Na ɗebo moɗa ɗaya na kai wa Inna. Ta shanye, ta yi ajiyar zuciya. "Allah Ya yi miki albarka, 'Yar boko. Ruwan hannunki daban ne."

Aka ɗaura aure, aka kai amarya, Lahadi da safe Sabi'u ya ɗebi mutanen Damagaram ya tafi mayar da su. Da la'asar Inna ta fara zagayawa. Kafin magariba ta je sau shida, ga amai. Ni ma cikina ya ɗan murɗa a ranar, na ce cin biki ne. Goggo Asabe, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda ta zo daga Zango ta sauka a ɗakinta, ita ma ta je sau biyu, amma nata bai yi nisa ba.

Yaya Binta, babbar 'yar Inna da ke aure a Katsina, mace ce da ba ta barin abu ba mai laifi. Ta tsaya a tsakar gida tana lissafa abin da Inna ta ci. Shinkafar biki kowa ya ci, waina kowa ya ci. Abu ɗaya ne Inna da Goggo Asabe kaɗai suka sha, furar da Goggo ta zo da ita tun daga Zango a cikin ƙwarya.

"Goggo, fisabilillahi, nonon nan na yaushe ne? A zafin nan a ɗauko nono a bayan mashin tun daga Zango a ba mai ciwon suga?"

Goggo Asabe ta ce, "Binta, shekara hamsin ina dama wa uwarki fura."

A nan ne ya kamata in yi shiru. Ba wanda ya tambaye ni. Amma sarauniyar tsabta ba ta iya ganin shari'a ta wuce ba ta sa baki ba. Na gyara murya na ce, "Ai ni dama tun da na ga nonon nan na ji bai kwanta min ba." (Ban ma ga nonon ba. Allah shaida ne, ko leƙa ƙwaryar ban yi ba.)

Goggo ta kalle ni. Litinin da sassafe ta ɗaure kayanta, ta shiga ta riƙe hannun Inna ta daɗe, ta fito tana share ido da bakin mayafi. Ko rabonta na alkaki da nakiya ba ta ɗauka ba.

Inna ta ce ita ba za ta je asibiti ba, gudawa ce, yau ta fara? Maigidana ya karɓo ƙwayoyi a kemis da garin gishiri da sukari na haɗa wa mai gudawa. Wa zai haɗa? 'Yar boko mana, mai sakamako mai kyau. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na wanke kofi, na wanke cokali, sannan na buɗe randa na ɗebo ruwa. Yaya Binta ta miƙo min ruwan leda ta ce in haɗa da shi, na ce, "Haba Yaya, kin manta Inna ba ta shan wannan? Sai ki sa ta ƙara amai." Ta mayar da hannunta.

Kwana biyu ina yin haka. In ta amayar in sake haɗa wani. In ɗago kanta in jingina a ƙirjina, in yi bismillah, in tofa mata addu'a a kofin, in ce, "Daure Inna, kurɓi kaɗan, shi ne maganin." Ita kuma don ni ce, sai ta daure ta kurɓa. Wannan shi ne wurin da ba na iya ba da labarinsa da baki, sai a rubuce. Idanunta suka faɗa, fatar hannunta in kin ja sai ta tsaya a tsaye, muryarta ta koma kamar ta ƙaramar yarinya. Ni kuwa ina ta ƙara ƙwazo.

Talata da hantsi Sabi'u ya dawo. Tsakar gida cike da 'yan dubiya, mata a kan tabarmi, ƙannen Inna maza biyu a kan kujeru, maigidana a tsaye. Sabi'u ya shiga ɗakin Inna, bai yi minti biyu ba ya fito idonsa jawur, ya fuskanci maigidana.

"Yaya, me ake jira? Ko tana so ko ba ta so, asibiti za mu je. A motar nan za a sa ta, akwai gado, akwai banɗaki in ta matsu a hanya. Bari in ɗauraye shi yanzu." Ya nufi ƙofar baya, ya dawo. "Wa ya ga wani baƙin tiyo da na bari a famfon baya ranar Asabar?"

Ina fitowa ke nan daga kicin da kofin Inna a hannu. Na ji wani daɗi ya kama ni, a cikin wannan tashin hankali ga abu ɗaya da zan iya gyarawa. Na ce, "Ni na adana maka, sarkin sakaci." (Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji, kullum muna yi.) Na shiga sito na ɗauko shi, a naɗe tsaf, na miƙa masa a gaban kowa. "Ka yar da sabon abu a ƙasa ranar biki. Har wanke maka shi na yi."

Bai karɓa ba. "Anti, a sito kika ajiye shi? Wurin abinci?"

"To ina zan kai? Ai ya ma yi min rana, da shi na cika wa Inna randa."

Sabi'u ya kalli tiyon, ya kalli randar, ya kalli kofin da ke hannuna, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, da wannan nake wanke tankin kashi."

Na ce, "Na'am?"

"Tankin banɗakin motar. Ranar Asabar da safe na zubar da shi a shadda, na zura bakin wannan har ciki na ɗauraye. In an rufe famfo, abin da ke cikin tankin yana komowa cikin tiyon. Shi ya sa ya zama baƙi, don kada a haɗa shi da na ruwan sha. Tiyon ruwan sha fari ne, akwatinsa daban, ko taɓa juna ba a bari su yi. Ai na faɗa ranar da na kawo motar, kina wurin."

Ina wurin. Ina kallon labule.

Yanzu da mai hankali ce, da sai ta faɗi ƙasa ta yi kuka. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi, a gaban ƙannen Inna da matan unguwa, "Amma na wanke shi da omo. Kuma na duba, launinsa bai canja ba."

Wata tsohuwa daga kan tabarma ta ce, "Launin me, 'yar nan?"

Sabi'u ya ce a hankali, "Bayansa kika wanke. Cikinsa fa?"

Yaya Binta ta taso. Na ɗauka marina za ta yi, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta zare kofin daga hannuna, ta duba shi, ta ce, "Wannan na nawa ne tun Lahadi?" Ta ƙara da cewa, "Ke ce kika ce nonon Goggo bai kwanta miki ba, ko?" Ta watsar da ruwan a gaban ƙafata.

Maigidana ya nufi ƙofar ɗakin Inna. Ya je ya rungumi randar ya tuntsurar da ita, ruwan ya malale tsakar gida, saiwar jemar da na jefa tana yawo a kai, mata suna janye tabarmi da takalma kamar wuta ce ta biyo su. Ƙamshi kuwa ya tashi, mai daɗi. Sai da aka ɗauko Inna a bargo za a fita da ita, ya tsaya kusa da ni ya ce, ba da faɗa ba, "Abin da aka koya miki hukuncin alwala ne. Ba a ce in ido bai ga cuta ba babu ita ba."

A asibiti kunyar ta sake sabon zama. Ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannun Inna ta rasa, ta ɗago ta ce, "Me ta ci, me ta sha?" Duk suka juyo suka kalle ni. A gaban marasa lafiya takwas da masu jinyarsu na sake ba da labarin tun daga famfon baya. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Hajiya, kin yi makaranta kuwa?"

"Na gama sakandare."

"Ikon Allah," ta ce, ta ci gaba da neman jijiya.

Sai a ƙafa aka samu. Likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare, sugan ya rikice, kuma ƙodarta ta taɓu. Ya ce a yi ta addu'a. Yaya Binta ta ce ko ruwan alwala kada a karɓa daga hannuna, kuma ban ga laifinta ba. Kullum sai in dafa kunu in zuba a fulas, in je in zauna a benci a ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin tun safe har la'asar, in dawo da shi yadda na kai. Sabi'u yakan zo ya tsaya ya ce, "Anti, laifina ne, ni na bar shi a jone." Sai in ce masa a'a. Shi mantuwa ya yi, mantuwa kuwa ta ɗan Adam ce. Nawa ba mantuwa ba ne.

A benci nan na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙo ba. Na ce, Ya Rabbi, kada Ka karɓe ta ta hannuna. In lokacinta ne, Ka ɗaga shi ko da kaɗan ne, ta tafi ta wata hanyar.

Rana ta biyar maigidana ya fito ya ce, "Tana kiranki." Na shiga. Ta rame har ba ta cika rabin gadon ba. Na durƙusa, na kama ƙarfen gadon, na fara, "Inna, ni ce, ruwan da na..."

"An gaya min," ta ce. Sai na kai kunne kusa kafin in ji. "Sun ce da omo kika wanke."

"Eh, Inna."

"To ai kin yi ƙoƙari." Ta ɗan yi wani abu kamar dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Dama na ce motar nan ba ta da kunya. Daina kuka, kina jiƙa min zane. Ni ba ki yi min komai ba, ba da gangan kika yi ba. Amma Asabe kin yi mata. Ki je Zango."

Washegari na je. Na sami Goggo Asabe tana tsince gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa a rana na faɗi komai, har da cewa ban ma ga nonon ba. Ta bar ni a durƙushe har ta gama tire guda. Sannan ta ce, "Kwana shida ba na barci, ina cewa na kashe Hauwa da hannuna." Hauwa sunan Inna ne, ban taɓa jin wani ya kira shi ba sai ita. "Ashe ke ma yanzu kin san yadda abin yake. Tashi, ya ishe ki. Ya jikin nata?" Ta sa mayafi muka dawo Daura tare, a mota ɗaya, ba ta ƙara yi min maganar ba har yau.

Kwana goma sha biyu Inna ta yi aka sallame ta. Allah Ya amsa min, amma ba Innar da ta shiga ce ta fito ba. Ba ta ƙara yin sallah a tsaye ba. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta. In aka yi rasuwa a unguwa sai ta zauna tana jin salati daga nesa, ta ce min, "Je ki ce ina gaishe su, ki ce ƙafa ce." Ba ta taɓa cewa ruwa ne ba. Da aka zo maganar wa zai riƙa kula da abin shanta, Yaya Binta ta kawo sunaye, Inna ta ce, "Ku bar min 'Yar boko. Yanzu duk garin nan ba wanda ya kai ta tsoron ruwa." Haka na koma, sai dai yanzu sai na tafasa, na huce, na tace, kafin ya shiga bakinta.

Shekara ɗaya da wata bakwai ta ƙara. Ta rasu wata Alhamis bayan azahar, kanta a cinyata. Likita ya ce suga ne da shekaru. Kowa ya ce kwananta ne ya ƙare, ni ma na yi imani da haka, ba na ja da ƙaddara. Amma nakan zauna in ce, da shekara ɗaya da wata bakwai ɗin nan a tsaye ta yi su. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kullum ina kai masa.

Abin da na koya ba wani babba ba ne, shi ya sa ya fi ciwo. Abin da ya taɓa najasa ba ya komawa na ruwan sha, ko an wanke shi da sabulun duniya, musamman mai ciki irin tiyo da hannu ba ya shiga. Yanzu a gidana tiyo biyu ne, bokiti kala biyu, na banɗaki an ɗaura musu jan ƙyalle, ko inuwar junansu ba sa sha. Sannan duk abin da na tsinta ban san tarihinsa ba, sai na tambayi mai shi, ko yana tsakiyar maza dubu, ko zan ɓata ɗauri goma. Mazubi in an aro, sai na ji me aka zuba a ciki jiya. Jarka in an kawo, sai na ji daga ina. Maigidana ya ce zama da ni yanzu kamar wucewa ta shingen bakin iyaka ne, komai sai an sauke an bincika. Na ce ya yi haƙuri, a da can ni ce na san komai, kuma ya ga inda sanin ya kai mu.

In kun karanta, kada ku tsaya tausaya min, ni na ci sa'a an yafe min tun ina raye. Ku yi wa Inna addu'a. Allah Ya shayar da ita daga ruwan da babu hannun 'Yar boko a ciki.